Jirgi ko Ɗaki Kusa da Asibiti

Dagenham, ranar Lahadi

Abbana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta. Ya gajiyar hanya, ya kuma mai jiki? Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne.

Za ka yi mamakin wasiƙa daga wadda bango kaɗai ya raba ɗakinta da naka. Za ka fi mamakin ganinta da Hausa, tunda ko ka yi mini magana da Turanci nake amsawa, shi ma kaina a ƙasa. To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yawancin lokutan da kake ganina a kicin na ƙura wa waya ido, har ka ce wa Mufeeda ta yi koyi da yayarta, ba karatun jarrabawa nake yi ba. Littattafan soyayya ne na Hausa, irin waɗanda ƙawayen Umma ke turo mata. A cikinsu na koyi rubuta harshenmu. Kuma tun da ka ba ni password ɗin katinka ka ce in riƙa duba maka points, makin da banki ke tara maka duk lokacin da ka yi sayayya da shi, ni otal-otal nake buɗewa. In zaɓi mai labule har ƙasa da taga mai kallon teku, in sa ranar da zan sauka, in tsaya daf da wurin biya, sannan in rufe. Na sauka a ƙasashe da yawa, Abba, ina zaune kusa da injin wanki.

Na faɗa maka wannan ne don ka san halin mai maganar kafin ka ji maganar.

Shekara da shekaru kana saro doya da manja da garin rogo da katin nan, kana kai wa shagunan Deptford, kana biyan banki kafin wata ya mutu don kada kuɗin ruwa ya taɓa cikinmu. Points suna ta taruwa. Umma tana kiransu adashen Abbanku, kuma kowa a gidan nan ya san ranar ɗauka: ranar da za ka sa ta a jirgi, a kujera mai kwanciya, ta je Azare ta ga Kaka, wadda rabonta da ita tun kafin a haifi Mufeeda.

Jiya ka ce in tura su gaba ɗaya ga kamfanin jirgi kafin Juma'a, don a ranar ne ƙarin points da suke bayarwa zai ƙare. Na ce to. Har yanzu ban tura ba. A ƙasan shafin an rubuta da ƙananan haruffa cewa abin da aka tura ba ya dawowa. Na ɗora yatsana a wurin, sai na janye shi.

Gaskiyarka ce, a jirgi points suka fi daraja. Na karanta abin da masanan abin suka rubuta, duk bakinsu ɗaya, wai wanda ya kai su otal ya sayar da sa a kuɗin akuya. Amma akwai wani otal a jerin da katin ya yarda da su, a bayan asibitin da Umma take kwance, a Bloomsbury. Na gan shi ran nan da muka fito daga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ban nuna maka ba, don ina tsoron ko son zuciyata ne ke magana.

Ban san ko zan ba ka wannan ba. Allah Ya ƙara maka haƙuri da lafiya.

'Yarka,
Afrah


Ranar Talata

Abbana,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan ciwon bayan nan ya yi sauƙi. Na ga yadda ka dafa bango da safe kafin ka sa takalmi, ka ɗauka ba wanda ya gani.

Yau daga makaranta na wuce wurin Umma, kai kana kan hanya da kaya. Na same ta ido biyu, an canza mata robar hannu. Ta ce in shafa mata mai a ƙafa, in kuma karanta mata inda ta tsaya a littafinta, don idonta ba ya jure hasken waya yanzu. Ashe ta daɗe da sanin ina karantawa. Ta ce tun bara take ganin alamar shafi tana motsawa ita kaɗai, ta san dai ba aljanu ba ne. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, ita kuma ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Mun kai inda saurayin ya hau jirgi ya bi yarinyar wata ƙasa don ya ba ta haƙuri, sai Umma ta ce in dakata. Ta tambaye ni ko ka yi mini maganar adashe. Na ce ka yi. Sannan ta ce ita ta san jikinta, ta kuma ji abin da likita ya faɗa ranar da kuka zauna da shi, cewa tafiya ba yanzu ba. Ta ce kai ka riƙe kalmar "yanzu", ita kuma ta kalli fuskar likitan.

Na ce mata akwai otal a bayan asibiti da points za su iya biya, dare da yawa, kuma ana iya yin cancel in an sallame ta. Abba, na ga idonta ya yi haske, wallahi na gani. Ta ce, "Da zan buɗe ido da asuba in san yana nan bayan bangon nan ya yi barci ya ƙoshi, da ya ishe ni." Sai kuma ta kama hannuna ta ce, "Amma ki bar masa jirginsa, Afrah. Da shi yake tsaye." Ta ce kada in faɗa maka, amana ce.

Shi ya sa kullum in ka shigo ward kana ba ta labarin tsarabar da za a kai wa Kaka, take murmushi tana ƙara maka da turare da bargo. Kai kuma kana fita ƙofa fuskarka take zubewa. Ni ce nake tafiya a bayanka, ina gani. Kowannenku yana yi wa ɗan'uwansa kara, ni kuma an bar ni a tsakiya da waya a hannu.

Da na dawo na tarar Anti Amamata, maƙwabciyarmu, ta kawo mana wake da shinkafa irin nasu na Kumasi. Tunda aikin gyaran ɗakuna take yi a otal, na nuna mata hoton ɗakin otal ɗin bayan asibitin. Ta matso da wayar hancinta, ta taɓe baki, ta ce wannan ba otal ɗin amarya ba ne, gado ne da butar shayi da taga mai kallon bola, in ka miƙe hannu ka taɓa bango biyu. Ta ce in mijin da nake mafarki ya kai ni nan, in dawo gida. Na yi dariya, kuma na ji sanyi a raina. Irin wannan ɗakin ban taɓa zaɓa wa kaina ba ko sau ɗaya. Ashe ba don ni nake son sa ba.

Ta ce kuma akwai wurin shimfiɗa sallaya tsakanin gado da ƙofa, in mutum bai cika tsawo ba.

Ina yi maka fatan alheri, Allah Ya tsare hanya.

'Yarka,
Afrah


Ranar Alhamis, da hantsi

Abbana,

Ina kwana, ya ƙarfin hali? Allah Ya sa mu ga sauƙi.

Ban je makaranta ba, ka sani, tunda kai ka ce in shirya mu tafi asibiti tare. Jiya da safe da nas ta bugo cewa numfashin Umma ya yi sama, ka fita ko hula babu. Jirgin ƙasa na layin District ya tsaya da kai a hanya, ba gaba ba baya. Kafin ka isa an shawo kan abin, ta yi barci. Amma Mufeeda ta ce mini da ka dawo ta ji ka a banɗaki ka buɗe famfo ya daɗe yana zuba, kuma ba alwala kake yi ba. Da a ce Allah Ya ƙaddara wani abu jiya, da kana tsakanin Barking da West Ham.

Da daddare ka leƙo ka tambaye ni ko na tura. Na ce network ne. Ƙarya ce, ka yafe mini. Gobe ƙarin zai ƙare, ba ni da sauran wurin ɓuya.

Abba, ban ce Umma ba za ta tashi ba. Rai da lafiya na Allah ne, kuma ina roƙonSa a kowace sujada Ya kunyata likitoci. In ta tashi, zan nemi aikin Asabar, Kawu zai taimaka, tikiti ba zai gagara ba ko da a kujerar baya ne. Jirgi yana tashi kullum. Amma kwanakin nan da take kwance tana sauraren takunka a corridor, su ba a ajiye su. Ta san takunka, ta ce kana jan ƙafar hagu.

Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne. Ba points ba ne, alkawari ne ka ɗaukar mata tun ina ƙarama, kuma in ka ce otal kamar ka yarda da abin da ba ka son yarda da shi. Ni ma da na rubuta kalmar sai da na ajiye biro. Na kuma san amanar Umma nake ci. Zan faɗa mata da bakina yau, in ta yi fushi na ɗauka. Na gwammace ta yi fushi da ni kana kusa da ita.

Katinka ne, guminka ne, matarka ce. Duk wanda ka ce, jirgi ko ɗaki, shi zan danna a gabanka, ba zan ƙara ko kalma ba.

Na so in saka takardun nan a aljihun rigarka in gudu, amma hakan ba zai yi ba. Zan miƙa maka su hannu da hannu, duka ukun, idan mun zauna a jirgin ƙasa a tashar Heathway. Zan koma kujerar da ke kallon taka, in juya fuskata taga. Ina ganin za ka gama kafin mu shiga ƙarƙashin ƙasa a Bow Road. Ba sai ka yi mini magana ba. In ka miƙo mini wayarka, zan gane, sai ka nuna mini wanne.

Ga shi kana kirana daga ƙasa, bari in ɗauko mayafina.

Allah Ya bar mana ku, kai da Umma.

'Yarka mai ƙaunarka,
Afrah