Baraden Baba Merv Sun Yi Furfura

Anti Glenys, don Allah ki taimaka min da shawara. Abin nan ya hana ni sakat, kuma duk wanda na faɗa wa a kulob ɗinmu dariya zai yi min.

Ina aiki a rumfar da ake wanke ayaba ana jerawa a kwali, nan kusa da Innisfail. Ban yi nisa a makaranta ba, ki yi haƙuri da rubutuna. Bara na fara zuwa kulob ɗin wasan yaƙi na kan tebur, wanda ake yi da 'yan mutum-mutumin sojoji da muke fentawa, ran Asabar a ɗakin taron bayan coci. Wanda ya ja ni a jiki shi ne Baba Merv, tsohon direban jirgin ƙasa mai ɗaukar rake. Barden farko da na fenta, ya ɗaga shi ya juya ya ce, "Yaro, wannan doki ne ko dankali?" Daga nan ya zaunar da ni. Shi ya hana ni dangwalo fenti kai tsaye daga kwalba, ya ce in tsinka shi da ruwa ya koma kamar madara, in shafa siriri in jira ya bushe in ƙara. Duk abin da na iya a hannunsa na koya.

Baba Merv yana da rundunar barade na dalma, masu sulke da dogon mashi, kowanne bai wuce tsawon babban yatsa ba. Ya fenta su tun hannunsa bai fara rawa ba. Kowace garkuwa da tambarinta, har da wata mai ɗan kada kore, sai kin matso sosai za ki ga haƙoransa. Yanzu ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa, ba zai sake yin irinsu ba. Fentin ya fara gogewa a kan kwalkwali saboda yawan taɓawa, sai ya ba ni su a kwali ya ce in fesa musu man kariya, marar sheƙin nan na gwangwani, tunda yatsansa ba ya iya danna kan gwangwanin. Ya ce in jira sai iska ta bushe. Ya faɗa min, Anti, ba zan ce bai faɗa ba.

Kin san daminar garin nan. Ruwa ya ƙi ɗaukewa. Ni ba mai garaje ba ne, a wurin aiki ma har tsokanata ake da sanyin jiki, amma na ƙosa in mayar masa da su in ga ya yi murna. Na jera su a baranda ruwa na ɗiga daga kwano, na fesa. Ina tsaye ina kallo suka fara yin fari. Jan fentin ya koma toka-toka, dawakan suka yi furfura, kadan nan da ƙyar ake ganinsa.

Ran Asabar na kai masa su kulob. Darcy, wani ɗan kulob ɗinmu da bakinsa ba ya hutawa, ya leƙa kwalin ya ce, "Kai jama'a, yaushe ƙanƙara ta sauka a Innisfail ba a gaya mana ba?" Baba Merv ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da tabaransa, ya daɗe yana juyawa. Sai ya ce, "Baraden ƙasar sanyi ke nan. Ban taɓa samun irinsu ba. Na gode, yaro." Ni kuma na ce, "Eh, Baba." Wannan eh ɗin shi ke ci na, ya fi min feshin ciwo.

Idonsa ya yi rauni, wataƙila da gaske ya ɗauka ado na yi. Amma na lura ranar bai sa su a tebur ba, aron sojojin ƙasa ya yi wurin Darcy. Kuma muna shan shayi ina ganin babban yatsansa yana ta murza garkuwa mai kadan nan.

To in yi shiru tunda ya ce ya gode? Ko in ce ya ara min su in gyara a ɓoye? Wani ya ce in jiƙa su a maganin cire fenti in sake daga farko, amma ai aikinsa ne zai bi ruwa. Ina tsoron in faɗa masa ya daina zama kusa da ni.

Mai Buroshi Ɗaya, Innisfail

Mai Buroshi Ɗaya,

Da farko, maganin cire fentin nan kar ya kusanci baraden. Fentin Baba Merv yana nan lafiya a ƙasa. Farin da kake gani man kariyar ne ya kama laimar iska ya bushe da ita. Sau da yawa idan aka shafa man kariya mai sheƙi da buroshi, siriri, aka bar shi ya bushe, launin yana dawowa, daga baya a bi da marar sheƙi, shi ma da buroshi. Ban ce kullum ba. Saboda haka a fara da barde guda, wanda ya fi ƙarancin ado, ba mai tambarin kadan nan ba. Nan gaba kuma ka girgiza gwangwani sosai, ka gwada a kan wani naka da ba ka jin asararsa, kuma muddin kana jin rigarka na manne maka, ajiye feshin.

Na fahimci dalilin da shiru yake jan ka. Dattijon ya rufa maka asiri a gaban Darcy, kana ganin tono maganar kamar mayar masa da kyautarsa ne. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa ba a kulob za ka yi maganar ba. Amma gyara a ɓoye ban yarda da shi ba. Kayansa ne, kuma ka riga ka yanke hukunci a kansu sau ɗaya ba da saninsa ba.

Sannan ka daina yaudarar kanka da batun idonsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana fenti a garin da ko gishiri jiƙewa yake a kwalba, ya san wannan farin tun daga bakin ƙofa. Zai yi wuya a ce shi kansa bai taɓa yin irinsa ba. Ya sani, kuma ya zaɓe ka a kan baraden. Abin da bai sani ba shi ne ko kai za ka iya faɗa masa gaskiya.

Ka je gidansa kafin Asabar, da kwalbar mai sheƙi a aljihu. Ka ce, "Baba, ka ce in jira, ban jira ba." Kar ka ƙara da labarin damina. In ya yi faɗa, ka sha, haƙƙinsa ne. In ya amince a gwada, ka zauna a teburinsa, hannu naka, umarni nasa.

Allah ya sa launin ya dawo. Ka gaida min Baba Merv.

Anti Glenys