Keken Malam Yana Nan

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Da fatan kin tashi lafiya. Yaya ƙafar taki, yaya Alhaji da yara? Mu nan Gada Biyu sai godiya.

Saƙonki ya iso, cewa in ɓoye keken maigidana, ƙanenki, kafin ya karye a duwatsu. Ba zan rufe ki ba, Malam ya faɗi sau ɗaya. Yana gangarowa kan burji bayan garin Kuru, daf da kwazazzabo, sarƙa ta cafke bakin jallabiyarsa. Abokan hawansa sun sha cewa ya sa matsattsun kaya irin nasu, ya ce shi da furfurarsa ba zai nuna surarsa ba. Gwiwa kawai ya kuje. Kin san shi tela ne, washegari ya ɗinka wa kansa wando mai yalwa a sama, tsukakke a idon sawu.

Ki yi haƙuri Yaya, ba zan ɓoye ba. Tun da ya fara hawan nan sukarinsa ya sauka, likita ya ce ya ci gaba. Mutumin da bene ke gagara, yau tudu yake nema.

Ki sa shi a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Saude