Abin da na faɗa a zaman tabarma

Alhamis, bayan isha'i

Yau ban je zaman tabarma ba, karo na farko tun da na shiga ƙungiyarmu ta ɗalibai mata. Tun zamanin waɗanda suka kafa ta al'adar ke nan: a sha fura a ƙwarya ɗaya, duk abin da aka faɗa a nan ake barinsa. Shi ya sa makon jiya na gaya musu na faɗi jarrabawa, zan maimaita shekara, kuma ina son Baba ya ji daga bakina.

Yau da la'asar Baba ya kira ni a waya daga unguwarmu, Gawon Nama. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗiyata, ga bakin maƙwabta za ni jin lamarinki?"

Anti Rabi ce ta gaya wa mahaifiyarta, maƙwabciyarmu. Ita fa Anti Rabin aka ba ni a matsayin yaya ranar da na shiga ƙungiyar! Na tare ta a Kwalkwalawa, kusa da jami'a, ta ce wai taimakona ta yi.

Gobe zan je gida in durƙusa gaban Baba. Ita kuwa ko haƙuri ba ta ba ni ba.