Hannun da Angona Bai Sa Ba

Litinin, 3 ga Maris
Angona, wato jikan nan nawa mai aiki a ofishin kula da muhalli, ya dawo yana ta cin magani. Wai an sauya tsari: masana'antar tace ma'adinai, irin na batirin mota, za ta samu izini cikin kwana talatin maimakon shekara. Na ce madalla, dama me kuke yi a shekarar ban da shan shayi da juya takarda?

Alhamis, 6 ga Maris
Ya zaunar da ni karatu. Ana ɗiban ruwan rafi sau biyu, rani da damina, don a ga inda dattin masana'anta zai bi idan rafi ya cika. To damina ba ta cikin kwana talatin ɗin, sai Ogansu na ofis ya ce a yi ba ita. Mutum ya soke damina da biro.

Asabar, 15 ga Maris
Na ga Ogan a talabijin, hular kwanonsa sabuwa fil, ko ledar ba a gama ɓarewa ba. "Takarda ba za ta tsayar da ci gaba ba." Wannan ko rijiya bai taɓa leƙawa ba.

Laraba, 19 ga Maris
Takardar izinin tana kan teburin Angona, sa hannunsa kawai ake jira. In ya ƙi, a bakin kujerarsa. Na ce sa mana, in aka kore ka ni miji zan sake. Bai yi dariya ba. "Kaka, unguwa uku ke shan ruwan nan." Abincin ma ture shi ya yi. Taurin kai irin na kakansa, Allah ya jiƙansa.

Juma'a, 28 ga Maris
Bai sa ba. Wani ya sa, kafin shayinsa ya huce. Shi kuma an mayar da shi ɗakin ajiyar fayil, ƙarƙashin bene, ba ko taga.

Lahadi, 30 ga Maris
Matar makanike maƙwabcinmu ta shigo jaje. "Hajiya, yaron nan dai wawa ne, tunda ga shi izinin ya fito." Ban san lokacin da na miƙa mata mayafinta ba. Ba wai na goyi bayansa ba ne. Ni kaɗai ce ke da ikon ce masa wawa, kuma yau ban ga dama ba.