Takardar Aikin Auta

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da Inna. Yaya ciwon gwiwar? Don Allah ka rage tsayuwa a shago, kekunan ɗinkin mutane ba za su gudu ba.

Direban da kake ba saƙo ya kawo mini kwafin takardar aikin da aka samo wa Auta a ƙasar waje, tare da fassarar da dillalin aikin ya haɗo. Na yi murna da farko, don na san irin zaman da ta yi shekara biyu da shaidar karatun jinya a akwati. Amma Baba, na zauna a ɗakin karatu na karanta ta sau uku, kuma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ka sha yi mini dariya cewa karatun masu sharhin ƙwallo nake yi. To, harsunan Turai da muke koyo 'yan uwan juna ne, uwa ɗaya ta haife su, shi ya sa wanda bai sani ba yake ɗaukar wannan a wancan. An ce takardar daga gidan kula da tsofaffi take, da Italiyanci. Sai ga kalmar "aiki" an rubuta ta da Sifaniyanci har wuri uku. Sunan watan da ke jikin hatimi kuwa na Faransanci ne. Wanda aka haifa cikin harshen ba zai yi haka ba ko da magagin barci.

Wataƙila ni ce ban ƙware ba, shekarata ta uku ke nan kawai. Zan nuna wa malamarmu. Kafin nan ina roƙonka kada fasfon Auta ya bar hannunka, ko wa ya zo karɓa.

A gaida Inna da Auta.

Ɗiyarka,
Babbar Yaya

*

Babana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiya lau, sai rashin natsuwa.

Na kai takardar ofishin malamar Italiyanci. Dattijuwa ce, ta yi shekara goma a ƙasar da ake yaren. Ta gyara tabarau, ta ɗauki jan biro, kafin ta kai ƙarshen shafin farko ya koma kamar an yanka kaza a kai. Sannan ta ajiye fassarar dillalin kusa da ita, ta ce in ƙirga sharuɗɗan. Na asali goma ne, na fassara tara. Wanda aka tsallake cewa ya yi mai gida zai riƙe fasfon ma'aikaciya har sai ya ga dama, kuma za ta yi duk aikin da ya sa ta. Babu maganar jinya a wurin ko ɗaya.

Malama ta buga lambar da ke saman takardar a gabana, ta buɗe murya don in ji. Wani mutum ya ɗauka, ana ta buge-bugen ƙarfe a bayansa. Shagon gyaran taya ne, Baba. Bai taɓa jin sunan gidan tsofaffin ba.

Auta ta kira ni shekaranjiya tana kuka. Ta ce baƙin ciki nake yi mata, wai ni na yi shekara uku ina koyon yaren mutane ban leƙa ƙasarsu ba, ita ga ta za ta riga ni. Na fi son ta yi fushi da ni a tsakar gidanmu.

Akwai abin da nake jin nauyin rubutawa. Kawu ne ya kawo mutumin nan gidanmu, kuma Inna ta ce kullum sai ya leƙo yana tambayar ko an ba da fasfo. Me ya sa yake wannan gaggawa? Me aka ce za a ba shi? Ƙanen mahaifiyata ne, ya goye ni ina ƙarama, Allah ya yafe mini in na zalunce shi. Amma kada ka nuna masa wannan wasiƙa, kada kuma ka gaya masa ranar da za ka je wurin dillalin. Na sako takardar mai jan biro a ciki, ka tafi da ita.

Ɗiyarka mai ƙaunarka,
Babbar Yaya

*

Babana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji gwiwar ta tashi saboda hawan benen ofishin mutumin nan, Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso. Da dillalin ya ce maka ka dawo gobe ya nuna maka ta asali, na san ba za ka same shi ba. Ban dai zaci har allon sunan da ke ƙofar ofishin zai cire ba.

Abin da ba ka sani ba, Kawu ya zo nan jiya. Na fito daga jarrabawar nahawun Sifaniyanci na gan shi zaune a benci bakin aji, hularsa a gwiwa, ɗalibai suna ta wucewa ta gabansa. Ya rame. Ashe tun watan jiya ya miƙa fasfon 'yarsa da hannunsa, gaggawar da yake yi don yaran biyu su tafi tare ne, su riƙa ɗebe wa juna kewa. Fasfon ya tafi da mutumin, amma ita tana gida, alhamdu lillahi. Na kasa haɗa ido da shi. Na gaya masa abin da na rubuta maka a kansa, na nemi gafara. Ya ce ko shi ne a matsayina haka zai zata.

Ba don wannan ya zo ba. 'Yan mata biyu na layinsu sun riga sun tafi, sati shida ke nan babu wanda ya ji muryarsu. Iyayensu mata suka ba shi takardunsu ya kawo mini, wai an ce ni na iya yaren. Iri ɗaya ne da na Auta, har kurakuran.

Malama ta san ofishin da ake kai irin wannan ƙara a can. Ta ce ni zan rubuta, ita ta gyara. Tun safe nake gaban farar takarda. A aji an koya mana yadda ake kama ɗaki a otal da tambayar hanyar tashar jirgi, ba a koya mana yadda uwa take cigiyar ɗiyarta ba. Zan rubuta duk da haka, in Allah ya yarda takardar ƙarar ta tafi ranar Litinin.

Don Allah ka je gidajen nan biyu da kanka, ka karɓo mini hotunansu da ranakun haihuwarsu, da duk wani tabo ko alama da uwa za ta gane. Ka ba direba gobe.

Ka ce wa Auta ba sai ta kira ni ba. Ka dai riƙa gaya mini tana nan.

Ɗiyarka,
Babbar Yaya