Soson wankan Ummi

Daren Alhamis, Mubi

Yau kwana uku ke nan Ummi tana barci ba tare da ta sosa jikinta har jini ba. Alhamdu lillahi. Sai leƙa bayan gwiwoyinta nake yi, ina ƙara gode wa Allah.

In na tuna yadda muka riƙa dirje 'yar nan tawa, jikina sanyi yake yi. Ni da mahaifiyata Dada, wadda ta taso daga Wuro Patuji don jinyar jikarta, mun ɗauka dauɗa ce ta sa fatar kaushi. Kullum wanka sau uku, da ruwan zafi da soso da sabulun salo.

Maƙwabciyata Maman Rahila, mai aikin nas, ita ta jiyo kukan ta katanga ta shigo. Ta ce, "Maman Ummi, fata tana da manta na halitta, seramaid ake ce masa. Shi ke riƙe danshi, kamar siminti tsakanin bulo. Ku ne kuke wanke shi." Ta ba ni man shafawa mai seramaid, ta ce a koma ruwan ɗumi, a shafa tun jiki bai bushe ba.

Dada ta ce 'ya'ya takwas ta rena da soso da man shanu, har ni. Ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Ɗazu da yamma na nemi soson na rasa. Sai ga Dada a tsakar gida tana kankare gindin tukunya da shi. Ko kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Wannan ai na tukunya ne. Kawo man, ni zan shafa mata."