Gadajenmu Sun Koma Babu Kowa

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara?

Ni lafiya lau, sai dai an rufe ɗakin majinyatan da nake aiki a babban asibiti. Tunda aka buɗe ƙananan asibitoci a unguwanni, ana gano hawan jini da wuri, magani da araha, gadajenmu suka koma babu kowa. An rage mini albashi, ina lallaɓawa. Kar ka gaya wa Inna.

Wallahi ban ji haushi ba. Da Baba ya samu awon nan, da bai yanke jiki ya faɗi a kasuwa ba. Allah ya jiƙansa.

Na nemi aiki a ƙaramin asibiti, kuma sai na samu, in Allah ya yarda. Kai kuma ka kai Inna awo ranar Litinin, ko tana zaginka. Gara zaginta da zaman makokinta.

Ƙanwarka.